Zanar da Na Ɗaure wa Jirgi

Ni ba mutumin ruwa ba ne, kuma babu mutumin ruwa a zuriyarmu. Dutse munka sani, da fako, da ƙorama wadda ke zuwa da haukanta rabin yini ta wuce ta bar mana yashi. Sana'ata baibaya: jinkar ɗaki, hular rumbu, zana, darni. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, anka fiddo ni. Wanda ke neman bayanin masana jirgi, ba nan zai same shi ba. Gona ce ta kai ni cikin ruwa.

Lokacin da mutanen furoje, masu aikin raya karkara, sunka zo tare ƙoramarmu, ina cikin waɗanda sunka ɗauki dutsen ginin baraji, wato madatsar ruwa. Can na bar kafaɗata ta dama. Har yau ba ni iya ɗaga hannun nan shi wuce kunne. Barajin ya yi amfani, ba zan yi mishi ƙarya ba. An samu albasa, an samu kifi, rijiyoyi sun daina ƙafewa da bazara. Amma ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwan zai kwanta in an tare shi. Ya kwanta tsakanin gari da gonata.

Garinmu na yamma, kusa da bakin barajin. Gonar na gabas, wajen da ƙorama ke shigowa. Da can, in na fita bayan sallar asuba, kafin rana ta leƙo ina cikin gero. Bayan ruwa ya kwanta, sai dai in zagaya ta bisa tudu, cikin duwatsu masu yanke takalmi, in isa rana ta take, gwiwa ta riga ta gaji kafin in taɓa hauya. Damina biyu na yi haka. Ta uku rabin gonar ya zama saura, ban iya noma shi ba.

Babanmu ya rasu bai raba gado ba. Da bakinshi dai ya faɗa: ta bakin gari ta babba ce, ta gabas tawa. Babu takarda, babu sheda sai mu da munka ji. Wana shi ke riƙe da gida. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira ni zaure.

"Gonar ga ta fi ƙarfinka," in ji shi. "Surukina na can ƙetare, ƙofar gidanshi na kallonta. Mu ba shi aro shi noma, shi riƙa aiko maka da ɗan abin da ya samu."

Na ce, "Aro, Yaya? Wace gona anka ba da aro garin ga ta dawo?"

"To mi kake so? Mu zuba ido ta zama daji?"

"Gonata ce."

"Gonar gida ce. Taka ce in kana nomanta."

Maganar ta kai gaban mai gari. Shi kuma ba ya son ɓata wa kowa, sai ya yanke abin da ya ga kamar adalci ne: a bar mini daminar bana. In na shuka ta duka, na yi noman fari, na yi maimai, ba wanda zai sake zancen aro. In ko haki ya ci ko da kusurwa guda, a ba suruki. Wana ya amsa da sauri, don ya san ƙafata, ya san kafaɗata.

Shuka ba ta ba ni wahala ba. Farkon damina ruwan baraji ya janye, na bi ta cikin laka na tsallaka da sungumi. Amma na san ruwa biyu masu kyau sun isa su rufe hanyar nan. Jirgi nake bukata. Masunta na zuwa da nasu da rani, su tafi da shi. Ko da sun bar mini, tuƙi da hannu ake yi, ni ko hannu guda gare ni. Turi da sanda kuma ba ya kai mutum, don tsakiya, inda tsohon cikin ƙoramar yake, zurfin ya fi gaba biyu.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar zana a buɗe cikin iska ya san abin da ke faruwa. Ba kai ke tafiya ba, ita ke kai ka. Na sha zagin iska a kan haka tun ina saurayi. Ranar nan ina ɗauke da wata zana zan kai wa mai ita, iska ta tura ni har na kusa afkawa cikin darnin mutane, na tsaya a nan ina huci, na ce ashe ga hannuna na biyu. Iskar damina daga yamma take tasowa da hantsi. Gonata gabas take.

Taubashina maƙeri ne, shi ke yi wa masu shanu komin ban ruwa da tsohon tano, wato gangar ƙarfe. Na kai mishi tano biyu, na ce shi tsaga su a tsaye, shi haɗa mini komi guda mai tsawo, shi toshe mahaɗa da kwalta.

Ya dube ni, ya dubi tanon. "Wace saniya ce za ta sha ruwa cikin wanga?"

"Ni ne."

"Da ma na daɗe ina zargin haka."

Da na gaya mishi gaskiyar abin, sai da ya ajiye guduma don dariya. "Kai da ko wankan tabki ba ka iya ba? To ka gaya wa matarka tun yanzu, in ka nutse ni ke gadonta. In fara gyaran ɗaki."

Ya yi dariyarshi, amma ya yi aikin da kyau, kuma shi ne ya ce in ɗaura bido, wato jarkar roba, huɗu kowane gefe, waɗanda babu kome ciki, a toshe bakinsu. Ba don bidon nan ba, da wani ke ba da labarin ga.

Sauran aikin nawa ne, kuma nan na yi kuskuren da ba mai yin shi sai irinmu. Mu nan abin da munka gada game da iska guda ne: kada ka bari ta tafi maka da abu. Jinka a ɗaure ta tamau. Hular rumbu a ɗaure ta, a rataya mata duwatsu. Mai baibayar da ɗaurinshi ya kwance cikin hadari, ba a sake kiran shi. To haka na ɗaure wa jirgi zana. Na kafa dirka biyu cikin komin, na miƙe zana tsakaninsu, na bi ta da igiyar kaba, ƙulli bisa ƙulli, na ƙara da waya. Na rataya duwatsu a gindinta kamar yadda nake wa rumbu. Na ja da baya na duba, na ce ko guguwa ta yi kaɗan. Alfahari nake.

Ranar farko rabin gari na bisa baraji suna kallo. Na shiga da hauya da gorar ruwa da shebur ɗin da zan riƙa karkata jirgin da shi. Iska ta cika zanar, komin ya motsa. Ban yi kome ba, ina zaune, bakin gari na nisa da ni. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, hawaye sun zo mini. Kafin rana ta yi zafi ina cikin gona. Na yi noma ranar nan kamar mai shekara ashirin.

Da la'asar na koma bakin ruwa, na tarad da iskar da ta kawo ni tana nan, tana hura mini fuska. Duk tunanina na kwana da kwanaki a kan zuwa ya ƙare. Ban yi tunanin dawowa ba ko sau guda. Na ɗaure jirgi ga kututture, na bi tudu da ƙafa. Kashegari na ari jaki, na zagaya, na jawo komin ta gefen ruwa cikin laka, yini guda cur. Yinin noma ya tafi a banza.

Wana na zaune ƙofar gida na wuce, laka har gwiwa. Bai yi dariya ba. Da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu da aiki. Jaki ma sannunshi." Suruki kuma anka ce mini ya riga ya je ya zagaya gonar, shina auna ta da ido.

Haka na ci gaba: yini guda noma, yini guda jan jirgi. Haki bai san da wannan tsarin ba, kullum shina fitowa.

Sai anka yi wani ruwa mai yawa can bisa tuddai. Kashegari baraji ya cika har shina zuba ta mazubarshi, ruwan ya yi ja. Matata ta ce in bari sai gobe. Na ce mata haki ba zai bari sai gobe ba. Na shiga. Iskar ranar ba daidai take ba, ta yi shiru, ta bugo, ta yi shiru. Ina tsakiya sai wata ta sauko daga tsakanin duwatsun yamma ta daki zanar ta gefe. Komin ya karkata. Na kai hannu in kwance zanar, in sake ta ta faɗi. Ina? Ɗaurina ne. Na ja, na yaga farce, ƙullin bai ko motsa ba. Wuƙa na cikin aljihun rigar da na zauna a kai. Ruwa ya shigo ta baki guda, jirgin ya kwanta a kan haƙarƙarinshi, dirka da zana da duwatsu sunka nutse ƙasa. Hauyata ta tafi.

Na rungume bido da hannun hagu, ruwa iya wuya. Na yi kalmar shahada, na sake yi. Mutuwa ba ta zo ba. Da na gaji da jiran ta, na buɗe ido na duba. Akwai wani mataccen gawo da ruwan baraji ya kashe a tsaye, can wajen gari. Na ga kamar shina girma. Na ce ruɗewa ce. Iska na nan na marin ƙeyar ruwa tana kora kumfa gabas, amma ni da komin yamma muke tafiya, sannu sannu, muna saɓa mata.

Sai da na daɗe kafin kaina ya kama. Ƙoramar ba ta mutu ba don an gina mata bango. Tana nan ƙarƙashin tabkin tana bin tsohon cikinta, tana neman mazuba. Bisa ruwa ba ka ganin ta. Zanar da ta nutse, duwatsu sun miƙe ta a tsaye cikin ruwa, ƙoramar ta cika ta kamar yadda iska ke cika ta a sama, tana jan mu gida. Wajen gawon nan ƙafata ta taɓa ƙasa. Mutanen da sunka gan ni daga bisa baraji sunka shigo da igiya sunka fiddo ni.

Ina kwance gida ina aman jan ruwa, masu sannu na shiga na fita. Kowa da wa'azinshi. Wana ya zo ya tsaya bakin ƙofa. "Ka gani ko? Saboda gona za ka bar marayu. Gobe in aika wa suruki."

"Maimai bai yi ba tukuna, Yaya. Mai gari damina ya ba ni, ba rabin damina ba."

"Kai dai taurin kai zai kashe ka."

"To sai ka ba da aron bayan an rufe ni."

Da sunka watse, matata ta zauna ta ce in gaya mata abin da ya faru daki-daki. Na gaya mata har zancen ƙullin. Ta tashi ta ɗauko igiyar da take ɗaure ɗan maraƙi lokacin tatsa. Ta ɗaura ta ga ƙafar gado, ta ce in ja. Na ja da ƙarfina, ba ta kwance ba. Ta kama ɗan bakin igiyar da yatsa biyu ta fizga, duka ta warware.

"Malam, abin da ke da rai ba a yi mishi ɗaurin rumbu," in ji ta. "In maraƙi ya shaƙe, kafin ka nemo wuƙa ya mutu."

Shekara talatin ina ɗauri, ina cin abinci da ɗauri, ban taɓa kula da wannan ƙullin ba, don na mata ne. Na ji haushi ƙwarai. Na koya.

Na sake shirin jirgin gaba ɗaya. Dirka guda, ba biyu ba. Zana biyu: busasshiya ta iska, da wata ta ruwa, don wadda ta jiƙe nauyinta ya fi ƙarfin ɗagawa, kuma ba ta daɗewa take ruɓewa. Ta iska na rage mata faɗi, na rataye ta da ƙullin maraƙi, bakin igiyar naɗe ga yatsana. In iska ta yi hauka, fizga guda, zana ta faɗo cikin komi. Ta ruwa na ɗaura mata sanda a sama, duwatsu uku a ƙasa, igiya biyu zuwa goshin jirgi. Da la'asar in tura da sanda har in kai bisa tsohon cikin ƙorama, in kwantar da dirka, in saki zanar cikin ruwa, ni ma in kwanta rigingine don kada iska ta samu abin kamawa. In na ja igiyar dama jirgi shi karkata dama. Ba sauri. Akuya mai kiwo ta fi shi sauri. Abin tsoron guda ne, mazuba. Da na zo daidai da mataccen gawo dole in jawo zanar sama in koma ga sanda, in ba haka ba ruwa shi bi da ni ta bisa dutsen da na ɗauka da kafaɗata.

Ba kullum ƙorama ke ja ba. Kwana uku ko huɗu bayan ruwan sama take da ƙarfi, daga nan ta mutu. Ranakun da ta mutu sai in jira iska ta kwanta wajen faɗuwar rana, in yi ta fama da shebur da hannun hagu, ko in bi tudu. Amma daminar ta zo da ruwa akai-akai. Na gama noman fari a makare. Na yi maimai. Na je na samu mai gari da kaina, na ce shi aika wanda ya yarda da shi. Ya aika mutum biyu, sunka bi tudu sunka zagaya gonar kusurwa huɗu, sunka dawo sunka ce babu haki. Zancen aro ya mutu.

Da kaka iska ta juya, ta koma fitowa daga gabas. Yanzu ita ke kawo ni gida, da kaya. Dami shida-shida nake ɗorawa. Gonar ta sha laimar baraji, ta sha hutun da rabinta ya yi, geron ya yi zangarniya irin wadda ban gani ba tun baba na da rai. Kwana da kwanaki komin na zuwa bakin gari cike da damma, mutane na tsaye suna ƙirgawa da baki. Taubashina na gaya wa kowa shi ya ƙera. Wana ma ya zo ya tsaya, hannu a baya. Na ɗauka kunya ce ta hana shi magana.

Bayan sati biyu ya aiko a kira ni. Na tarad da liman zaune, da mazan ƙannenmu mata biyu.

"Na yi tunani," in ji wana. "Zama da gado ba a raba ba, nauyi ne a kan mamaci. Gara mu sauke wa baba. A raba gonar gabas yadda shari'a ta ce."

Na ce, "Bara da haki ya cinye ta, baba bai ji nauyi ba?"

"Kada ka yi mini rashin kunya gaban malam."

"To a raba. A haɗa da ta bakin gari, ita ma ta baba ce."

Nan ya fiddo tsofaffi biyu, abokan zamanshi na ƙofar masallaci, sunka ce da kunnensu sunka ji baba ya ba shi ta bakin gari kyauta tun shina da lafiya. Na tambaye su ko a zaman nan ba su ji abin da baba ya ce game da ta gabas ba. Ɗaya ya ce kunnenshi na hagu ba ya ji sosai. Ɗayan ya dubi ƙasa. Liman ba shi da laifi, da abin da anka aza gabanshi ya yi hukunci. Mai gari na je na same shi, ya ce shi zancen aro ya kashe, rabon gado ba hurumin shi ba ne.

Anka je da igiya anka auna. Kashi guda nawa, kashi guda na wana, kashi guda na matan su biyu, shi kuma ya ce shi zai riƙe musu. Gonar da ba wanda ya so sai don a kyautar, na fito da sulusinta. Anka dasa gamba a kan iyaka.

Ɗiyan wana biyu sunka je da daminar da ta biyo, ta tudu. Sun shuka, sun yi noman fari rabi da rabi. Kafin maimai babban ya tafi Libiya, ƙaramin ya bi shi bayan salla. Tun daga nan ba a sake sa hauya a kashi biyun nan ba. Shekara huɗu ke nan. Ƙarangiya ta kai gwiwa, ƙuduji mai kashe gero ya yi jan fure gona guda, irin shi na zubowa cikin nawa geron. Mai gari bai kira kowa ba a kan wannan hakin. Ba wanda ya ce gona ta fi ƙarfin wani.

Bana na gaji. Na tsallake gambar, na nome taki goma cikin nasu tsawon iyakar duka, na tuge ƙudujin na ƙone, na zuba wake a wurin. Labari ya kai gari kafin ni. Wana ya aiko mini taubashinmu, don ya san shi kaɗai nake saurara. Ya same ni bakin ruwa ina shanya zana.

"An ce in gaya maka ka fita daga abin da ba naka ba, tun ba a kai ga hukuma ba."

"Kai mi ka gani?"

"Ni ɗan aike ne. Waken dai in ya yi, a tuna da maƙeri."

Na ce shi koma shi gaya wa Yaya na ji. Amma maganar iyaka a bakin iyaka ake yin ta. Shi zo gonar da ƙafarshi, shi tsaya cikin ƙarangiyar nan, shi nuna mini inda na ci mishi, ni ko in tuge waken a gabanshi.

Waken ya yi fure yanzu. Bai zo ba. Baɗi taki ashirin zan shiga.